Fam 120,000 ko sifili: ra'ayina kan tsarin biyan waɗanda riga-kafi ya nakasa a Birtaniya

Tauraro biyu cikin biyar na ba su, kuma ɗaya daga cikin biyun ma don dai tsarin yana nan ne, tunda da babu gara ba daɗi. Maganar Vaccine Damage Payment Scheme nake yi, wanda ake taƙaitawa VDPS, wato kuɗin da gwamnatin Birtaniya take ba mutumin da aka tabbatar allurar riga-kafi ce ta nakasa shi, ko iyalan shi idan ya rasu. 'Yan uwanmu da yawa da suke nan basu ma san akwai shi ba, wasu kuma sun ji labarin sama-sama sun ɗauka duk wanda hannun shi ya kumbura bayan allura ko yayi zazzaɓin kwana biyu sai kawai ya je ya kwashi kuɗi, toh ba haka abun yake ba sam. Ni aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya nake yi, kuma na zauna da wani bawan Allah mun cike fom ɗin tare, shine dalilin da yasa na bi ƙa'idojin nasu ɗaya bayan ɗaya.

Kafin wani ya fara kawo min maganar turawa na son kashe mu ko hana mu haihuwa, dan Allah a yi haƙuri ba wajen bane nan. Na yi allurar korona, yarana sun yi duk nasu na yarinta, kuma duk wanda ya tashi a arewa ya ga yaran da shan inna ya kassara suna jan gindi a bakin titi baya buƙatar lakca akan amfanin riga-kafi. Amma duk maganin da za a ɗura ma mutane miliyoyi dole a samu 'yan tsiraru da zai yi ma illa, wannan likitocin da kansu suke faɗa. Abun tambaya shine idan kai ne ka faɗa cikin 'yan tsirarun nan, gwamnatin da ta roƙe ka ka miƙa hannu saboda lafiyar jama'a me zata yi maka. A nan Ingila ma abun ya wuce roƙo ga irin mu, daga 11 ga Nuwamba 2021 an wajabta ma masu aiki a gidajen kula da tsofaffi yin allurar korona, in baka yi ba ka bar aikin, sai a Maris 2022 aka janye dokar.

Tsarin ba sabo bane. Wata mata Rosemary Fox ce ta fara tada maganar, 'yarta Helen ta samu matsalar ƙwaƙwalwa bayan riga-kafin shan inna tana jaririya, a 1973 ta haɗa ƙungiyar iyaye masu irin wannan kuka, ɗan majalisa Jack Ashley ya ɗauki maganar ya kai majalisa. Lokacin kuma tsoron allurar tarin shiƙa ya kama mutane, yawan yaran da ake ma allurar ya faɗo daga kashi 77 cikin ɗari a 1974 zuwa kashi 31 a 1978, cutar ta dawo ta kama yara sama da dubu ɗari. Kaga kenan gwamnati ba don tsabar tausayi kaɗai ta yi dokar 1979 ba, tana so iyaye su dawo asibiti ne. An fara da fam 10,000, kuma sai nakasar ka ta kai kashi 80. Aka yi ta ƙarawa har ya kai 100,000 a shekarar 2000, a 2002 aka sauke ma'aunin zuwa kashi 60, a 2007 kuɗin ya koma 120,000. Daga nan kuma shiru kake ji, har yau ko kwabo ba a ƙara ba.

Bari in fara da inda suka kyauta don kar ace son zuciya. Shiga kyauta ne, ba kuɗin fom, ba kuɗin rajista, baka buƙatar lauya, kuma ba wani ɗan tsakiya da zai ce ka kawo na goro ya tura maka fayil gaba. Kana iya cikewa ta intanet ko ka buga takardar ka aika ta gidan waya. Abun da suke tambaya bai da wahala, lambar ka ta NHS (hukumar kula da lafiya ta ƙasar), sunan allurar, ranar da aka yi da inda aka yi, abun da ya same ka bayan nan, sunayen likitan unguwar ka da asibitocin da suka duba ka, sai ka sa hannu ka yarda su nemo bayanan lafiyar ka da kansu. Wanda ya iya turanci daidai gwargwado zai gama a zama ɗaya in takardun shi na kusa. Idan yaro ne iyaye su cike mashi, amma sai ya kai shekara biyu, idan mamaci ne wanda yake kula da dukiyar da ya bari shi zai nema. Kuɗin in ya fito dunƙule yake zuwa lokaci ɗaya kuma ba haraji a kai, wanda a ƙasar nan kam abun a faɗa ne, don ko numfashi ka yi sai ka ji kamar za su cire nasu.

Abu na biyu mai kyau, ba sai ka nuna wani ya yi sakaci ba. Ba ruwan su da ko nas ta yi kuskure ko kamfani ya ɓoye wani abu, abun da ake dubawa kawai shine idan aka auna hujjoji, wanne yafi rinjaye, allurar ce ta jawo ko ba ita bace. Wanda ya taɓa shiga shari'a da babban kamfani ya san wannan sauƙi ne babba. Har ma sun haɗa da jaririn da aka yi ma uwar shi allura yana ciki, da wanda ya kamu ta hanyar cuɗanya da wani da aka ɗiga ma maganin shan inna a baki.

Jerin cututtukan da suke karɓa ma ba laifi, akwai ƙyanda, hangum, mashaƙo, tarin shiƙa, tarin fuka, shan inna, wasu nau'o'in sanƙarau, mura, HPV (ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa), da korona wadda aka saka a ƙarshen Disamba 2020. Sai dai a kula, cutar shawara bata ciki. Mu da muke yawan yin allurar shawara saboda tafiya gida wannan ya shafe mu kai tsaye, in ita ce ta yi ma mutum illa wannan ƙofar a rufe take. Kuma dole a Birtaniya ko tsibirin Isle of Man aka yi maka allurar, in ka cire sojojin su da ke aiki a waje. Wanda aka yi ma tashi a Kano ko Yamai ko Kumasi kafin ya zo, ko da yanzu yana da fasfo ɗin su, bai shiga ba. Yawancin alluran kuma sai in an yi maka kafin ka cika 18, amma korona da mura da shan inna da wasu kaɗan babba ma yana iya nema. Wa'adi shekara 6 ne daga ranar allurar, yaro kuma har ranar da zai cika 21 in ita ce tafi nisa. Ku lissafa da kanku, wanda aka yi ma ta korona a farkon 2021 nashi wa'adin a farkon 2027 yake cika.

Toh yanzu ga inda gizo ke saƙar, kashi 60 ɗin nan. Wannan ma'aunin ba su suka ƙirƙire shi ba, aro shi suka yi daga tsarin biyan ma'aikatan da suka ji rauni a wajen aiki, tsari ne na zamanin masana'antu da ramukan haƙar kwal. A can an rubuta komai dalla-dalla, wanda ya rasa hannu ɗaya kashi 60 ne, wanda ido ɗaya ya fita ɗayan na lafiya kashi 40, wanda ya rasa babban yatsa kashi 30, wanda ya kurumce gaba ɗaya kashi 100. Wannan lissafin yana aiki idan inji ne ya datse ma mutum hannu, abu ne da ido ke gani. Amma ka gaya min ta yaya za a ɗora wannan sikelin akan wanda jini ya daskare mashi a ƙwaƙwalwa, ya tashi da ƙafafun shi biyu da hannayen shi biyu amma baya iya riƙe magana, baya iya tuƙi, karatun minti goma sai kai ya ɗauki ciwo, aikin da yake ci da iyali da shi ya gagare shi. Ni da nake wanka da ciyar da irin waɗannan mutanen na san mutum yana iya zama a kujera tsaf kamar lafiyayye, ka gaishe shi ya amsa da fara'a, alhali ko shayi ba za a bar shi ya dafa shi kaɗai ba.

Kuma abun da yafi ƙona min rai, babu tsaka-tsaki. In aka ce kai 60 ne ka samu 120,000. In aka ce 55 ne an zagaye maka zuwa 60 ka tsira, amma in aka ce 50 ne ko 40 ko sisi baka da shi, wasiƙa kawai zaka samu mai cewa eh mun yarda allurar ce ta yi maka wannan, amma nakasar bata kai ba. Ka yi tunanin karanta wannan wasiƙar. Sun amsa laifin allurar da bakin su sannan suka sallame ka hannu rabbana. Can sama ma haka ne, wanda yake 60 da wanda yake kwance sai an juya shi da wanda ya mutu ya bar marayu huɗu duk kuɗi ɗaya ne. Ɗan shekara 25 da ya fara aiki jiya da dattijo ɗan 80 duk ɗaya.

Mu da muka yi karatun zaure wannan abun baya shiga kan mu, domin tun muna yara aka karantar da mu babin diyya, rai raƙuma 100, hannu ɗaya 50, kowane yatsa 10, haƙori 5. Komai da gwargwadon shi, ba a taɓa ce ma wanda aka cire ma yatsa ya tafi gida tunda ba hannu bane gaba ɗaya. Kar ma a je nesa, shi kanshi tsarin raunin wajen aiki da suka aro sikelin daga wajen shi yana fara biya ne tun daga kashi 14, kuɗin na hawa yadda nakasar ke hawa. Wato ma'aunin suka ɗauka suka bar adalcin da ke tare da shi a can. Singafo da ta yi nata tsarin lokacin korona hawa uku ta yi, dalar su 2,000 da 10,000 da 225,000, gwargwadon yadda abun ya yi tsanani. Ba wani ilimi mai zurfi ake buƙata ba.

Sai kuma shi kuɗin kanshi. Na san wani yana can yana buga lissafi a waya, ya ga ya haura naira miliyan 200, yana cewa wallahi ni a yi min allurar ma sau goma. Ɗan uwa a nan za a kashe kuɗin ba a Kasuwar Kurmi ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa, wanda ke aiki cikakke yana tashi da kusan 24,000 a shekara, kaga 120,000 albashin lebura ne na shekara biyar kacal. In kuma mutum yana buƙatar mai kula da zai zauna dashi a gida dare da rana, wannan sati ɗaya yakan haura fam 1,000, shekara biyu da 'yan watanni kuɗin ya ƙare ƙarƙaf. Gida matsakaici ma bazai saya ba. Da ace tun 2007 suna ɗaga shi daidai da tsadar rayuwa da yanzu yana wajen 200,000. Kuɗin fansho ana ɗagawa duk shekara, kuɗin tallafi ana ɗagawa, albashin 'yan majalisa kam ba a magana, wannan ne kaɗai aka manta dashi a aljihun tebur.

Wani tarkon da ba kowa ke lura ba, kuɗin yana iya taɓa tallafin da kake karɓa. Universal Credit misali, wato tallafin da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi da marasa aiki, in ajiyar ka ta wuce fam 16,000 an daina baka. Toh mutumin da nakasa ta hana shi aiki akan tallafin nan yake rayuwa, sai ga 120,000 ta faɗo asusun shi. Akwai hanyar saka kuɗin a asusun amana don kar a lissafa shi cikin dukiyar ka, amma wannan sai ka nemi shawarar masana tun kafin kuɗin ya shigo, kuma dole ka sanar da ofishin da ke biyan ka tallafin. Kar wanda ya ce zai yi shiru, a nan komai a kwamfuta yake.

Maganar jira kuwa ba ni na faɗa ba, a gaban kwamitin binciken korona na Baroness Hallett aka baje ta a Janairun 2025. Kafin korona masu nema basu wuce kamar ɗari ba a shekara, ma'aikata huɗu ne ke riƙe da ofishin gaba ɗaya. Gwamnati ta san zata yi ma kusan duk baligan ƙasar allura, ta saka korona cikin jerin, amma bata ƙara hannu ba sai da takardu suka taru. A Nuwamba 2021 aka ɗauke aikin daga ma'aikatar ayyuka da fansho aka miƙa ma NHS Business Services Authority, wani ofishin gudanarwa na NHS, su kuma suka ƙara ma'aikata har wajen 80, wannan kam a yaba masu. Duk da haka alƙaluman da aka karanta a zaman sun nuna zuwa ƙarshen Nuwamba 2024 mutum sama da 17,000 sun nema akan allurar korona, waɗanda aka ce za a biya basu kai 200 ba, sama da dubu ɗaya sun haura shekara suna jira, wasu ɗaruruwa kuma sune masu waccan wasiƙar ta mun yarda amma bai kai ba.

A yi adalci dai, ba duk dubu 17 ɗin nan bane allura ta yi ma illa. In ka yi ma mutum miliyan hamsin allura a wata shida, dole wasu su samu shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya a satin da ya biyo baya ko da ruwan sanyi aka ɗura masu, domin dama kullum ana samu. Mutum kuma in abu ya same shi dole ya nemi dalili, abun da ya shiga jikin shi na ƙarshe shi zai tuhuma. Don haka yawan waɗanda aka ƙi bai dame ni ba kamar yadda yake damun wasu. Waɗanda suka dame ni sune wanda likitocin asibiti suka rubuta, mai binciken musabbabin mutuwa ya rubuta, ba gardama ko kaɗan, amma suka yi ta jiran gawon shanu.

Domin matsalar allurar korona ta kamfanin AstraZeneca ba jita-jita bace. Tun Afrilun 2021 hukumomin lafiya suka ce 'yan ƙasa da 30 a basu wata allurar daban, a watan Mayu aka ɗaga zuwa 'yan ƙasa da 40, saboda wani irin daskarewar jini da ke zuwa tare da ƙarancin ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, suna ce mashi VITT. Abu ne mai wuyar faruwa sosai, cikin allurai wajen miliyan 50 da aka yi a ƙasar mutum ɗari huɗu da wani abu aka samu rahoton su, sama da 70 suka rasu. Lisa Shaw mai gabatar da shiri a gidan rediyon BBC na Newcastle tana cikin su, ta rasu a Mayun 2021 tana da shekara 44, kuma binciken hukuma ya tabbatar da musabbabin. Amma kuɗin farko da aka biya akan allurar korona sai a Yunin 2022 ya fita, Vikki Spit na cikin na farko-farko, saboda wanda zata aura Zion da ya rasu tun Mayun 2021. Shekara guda cur akan maganar da ba mai musu. A wannan shekarar haya bata tsaya ba, kuɗin wuta da gas basu tsaya ba.

Su nasu uzurin shine tattaro bayanan asibiti ke cin lokaci, kuma akwai gaskiya a ciki, duk wanda ya taɓa neman takardar shi a wajen likitan unguwa ya san sai ka yi ta bibiya. Shawara ta a nan ka nemi kwafin bayanan ka da kanka tun kafin ka cike fom, haƙƙin ka ne kuma kyauta ne, ka karanta ka ga me aka rubuta. Dalili kuwa, likitan da zai yanke maka kashi nawa ne bazai taɓa ganin ka ba. Ba a kiran ka a duba ka, takarda kawai ake karantawa. Wannan wajen yana cutar mutanen mu fiye da kowa, saboda tarbiyyar mu ce in likita ya ce ya jiki ka ce da sauƙi alhamdulillah ko da kana jin kamar ranka zai fita. Toh shi bature abun da ka faɗa yake rubutawa, ya sa mara lafiya ya samu sauƙi, bayan shekara biyu wani da bai san ka ba ya karanta wannan layin ya baka kashi 30. Godiyar Allah daban, bayanin ciwo daban. Ka faɗa ma likita baka iya saka riga kai kaɗai, ka faɗa mashi matarka ce ke raka ka bayi, ka faɗa mashi ka bar tukunya a wuta ka manta, duk da nauyin faɗin hakan, kuma ka tabbata ya rubuta.

In an ƙi ka ba shikenan bane. Akwai matakin da zaka ce su sake dubawa, ka rubuta dalilin ka ka haɗa da sabuwar hujja in akwai, in sun sake ƙi sai ka ɗaukaka zuwa tirabunal mai zaman kanta, ita ma ba a biyan kuɗin shiga. Kuma ana cin nasara a can. Misalin da aka fi sani shine na allurar murar aladu ta 2009 mai suna Pandemrix, wadda ta jawo ma wasu yara ciwon barcin nan da ke kama mutum ba shiri ko yana tsaye. Gwamnati ta dage cewa a auna yaro da yadda yake a yau kawai, wai ai yaro dama baya tuƙi baya aiki, don haka bai rasa komai ba. Aka yi ta shari'a akan wani yaro da kotu ta ɓoye sunan shi ta kira shi John, har a 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a'a, dole a duba rayuwar da ke gaban shi gaba ɗaya. Hukuncin ya yi kyau, amma ka duba fa, gwamnati ce ta ɗauki lauyoyi tana ja da yaro mara lafiya hawa bayan hawa akan kuɗin da bai kai abun da take kashewa a minti ɗaya ba. Kuma a matakin nan duk da ance baka buƙatar lauya, gaskiya wanda ke da mai taimaka mashi da ya san harkar yafi wanda ya je shi kaɗai.

Na ɗan leƙa na wasu ƙasashen don in san ko ni ke da tsananin buri. Amurka tana da tsarin alluran yara tun dokar 1986, ana cire senti 75 akan kowace cuta da allura ke karewa a zuba a asusu, daga nan ake biyan kuɗin magani da asarar albashi da ma kuɗin lauya, wannan ya fi na nan nesa ba kusa ba. Amma allurar korona basu saka ta nan ba, wani tsarin daban suka tura ta mai wa'adin shekara ɗaya tak, wanda kusan kowa ke kuka dashi. Kaga kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mu kuma a gida, mutane ƙalilan ne suka san alluran da suka zo ta COVAX, shirin duniya na raba allurar korona ga ƙasashe, irin kusan miliyan huɗu na AstraZeneca da suka sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021, sun zo da nasu tsarin biyan diyya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya ma ƙasashe 92 masu ƙaramin ƙarfi. Ga mutanen da suka ga abun da ya faru a Kano a 1996, lokacin da Pfizer ta gwada maganin Trovan akan yara masu sanƙarau, wanda ba riga-kafi bane ma amma tabon shi ya taimaka wajen ƙauracema allurar shan inna a 2003, kuma sai 2009 aka sasanta akan dala miliyan 75, ai irin wannan tsarin ne ya kamata a yi ta shela a rediyo tun kafin a fito da sirinji.

Ita gwamnatin Birtaniya amsar ta kullum ɗaya ce, wai wannan kuɗin ba diyya bane, tallafi ne na rage raɗaɗi, wanda ke son cikakkiyar diyya kotu na nan a buɗe. A takarda haka ne, karɓar 120,000 baya hana ka kai ƙara, sai dai in ka ci za a cire shi daga abun da aka yanke maka. A aikace kuwa kai da wa. Jamie Scott, magidanci mai yara biyu da ya samu raunin ƙwaƙwalwa bayan allurar shi a Afrilun 2021, shi da wasu iyalai gommai sun kai AstraZeneca babbar kotu, a takardun shari'ar ne a 2024 kamfanin ya amsa cewa allurar na iya jawo wannan daskarewar jinin a lokuta ƙalilan sosai. Kuma tunda gwamnati ta riga ta ɗauke ma kamfanonin nauyin duk wata ƙara tun lokacin sayen alluran, kuɗin masu biyan haraji ne ke tsaye bayan lauyoyin kamfanin. Wes Streeting ya zauna da iyalan a 2024 yana sakataren lafiya, wato ministan lafiyar su, ya ce za a duba gyara.

Don haka in kana ganin abun ya shafe ka ko wani naka, ka nema, baka asarar komai sai lokacin cike fom, kuma ka kai rahoto a Yellow Card, tsarin kai rahoton illar magani na hukumar kula da magunguna, shima kyauta ne. Amma kar ka ajiye aiki ko ka ci bashi da sunan kuɗi na hanya, ka nemi PIP, kuɗin da gwamnati ke ba masu nakasa ko doguwar jinya, da sauran tallafin nakasa a lokaci guda don su basa jiran wannan. Kuma in kana da niyyar zuwa kotu ka ga lauya da wuri, domin wa'adin shigar da ƙarar rauni a Ingila yawanci shekara 3 ne daga lokacin da ka san abun da ya same ka, kuma agogon baya tsayawa don fayil ɗin ka na layi a VDPS.